Yadda ake riƙe aikin sulhu da maƙwabta tsawon rai: tafarkin Kim Dae-jung na Koriya ta Kudu

Duk wanda ya ƙudurta ba da rayuwarsa ga kafa mulkin dimokuraɗiyya a gida da kuma ɗinke ɓaraka tsakanin ƙasarsa da maƙwabtanta, ɗan siyasa ne shi ko jami'in diflomasiyya ko ɗan jarida ko mai fafutukar kare haƙƙin jama'a, ya kamata ya san tun farko cewa aikin yana da jeri kamar ginin soro, kuma wanda ya ɗora azara kafin bango ya bushe, a kansa ginin zai rufta. Domin nuna wannan jeri na ɗauki rayuwar mutum ɗaya a matsayin ma'auni, wato Kim Dae-jung, wanda ya shugabanci Koriya ta Kudu daga 1998 zuwa 2003. Na zaɓe shi ne saboda ya taka kusan kowane mataki da ƙafarsa, ya dace a wasu, ya yi tuntuɓe a wasu, kuma tuntuɓen nasa ma yana da abin da yake koyarwa.

Ƙasarsa tana da maƙwabta biyu da take da tsohon miki da su, Japan da Koriya ta Arewa. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta tilasta wa ɗimbin mutane aikin ƙarfi, ta kai ga matsa musu su bar sunayen iyayensu su ɗauki na Japanawa. Da ta fita, aka raba ƙasar gida biyu, Tarayyar Sobiyet ta riƙe arewa, Amurka ta riƙe kudu, sannan ɓangarorin biyu suka gwabza yaƙi daga 1950 zuwa 1953 wanda ya ci rayukan miliyoyin mutane. Takardar da aka sa wa hannu ranar 27 ga Yuli, 1953 ta tsagaita wuta ce kawai, har yau ba a ƙulla ta zaman lafiya ba, kuma wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4 da tsawon kimanin kilomita 250 ya raba uwa da ɗanta, ya raba wa da ƙanensa. Bahaushen da ke da dangi a Katsina da Maraɗi ya san yadda iyaka ke ratsa al'umma ɗaya mai harshe ɗaya, sai dai ya ƙaddara an garƙame wannan iyaka kusan shekara 50, babu wasiƙa, babu waya, babu mai kawo labarin wanda ya rasu da wanda ke raye.

Ka fara da gida

Ba da maƙwabci ake soma wannan aiki ba. Shugaban da bai samu yardar jama'arsa ba yana iya sa hannu a takarda, amma ba shi da ikon yafewa a madadinsu, domin ba su aike shi ba. Koriya ta ga haka ƙarara a zamanin Janar Park Chung-hee, wanda ya kafa dokar soja a Seoul a 1964 don murƙushe masu zanga-zangar ƙin tattaunawa da Japan, sannan ya ƙulla yarjejeniyar maido da hulɗa a 1965 a kan kyautar dala miliyan 300 da rancen dala miliyan 200. Kuɗin sun shiga ginin masana'antu, amma waɗanda aka zalunta ba a nemi jin bakinsu ba, shi ya sa har gobe kotunan Koriya ta Kudu suna sauraron ƙararrakin da suka samo asali daga wancan zamani.

Saboda haka aikinka na farko shi ne neman a ba jama'a ikon zaɓen wanda zai yi magana da yawunsu, kuma ka shiga wannan nema da sanin cewa za ka sha kaye fiye da yadda za ka yi nasara. Kim ya faɗi zaɓen majalisa sau da dama kafin ya ci wani zaɓen cike gurbi a watan Mayun 1961, amma kwanaki kaɗan bayan haka Park ya yi juyin mulki ya rushe majalisar, ko rantsuwa bai samu yi ba. A 1971 ya tsaya takarar shugabancin ƙasa da Park ya samu kashi 45 cikin 100 na ƙuri'u, abin da ya nuna wa gwamnati cewa wannan mutum ba abin rainawa ba ne. A wannan shekarar wata babbar mota ta yi karo da motarsa, ya samu raunin da ya bar shi yana ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Ya sake faɗuwa a 1987, ya kuma faɗuwa a 1992, sai a karo na huɗu, a Disambar 1997, ya ci da kashi 40 cikin 100, da ratar ƙuri'u kimanin 390,000. Tsakanin takararsa ta farko da nasararsa shekara 26 ne, kuma kaso mai tsoka na waɗannan shekaru ya tafi ne a kurkuku da ɗaurin talala da gudun hijira.

Ka kuma san cewa ranka yana cikin abin da ka sa a kasuwa. Ranar 8 ga Agusta, 1973, da rana tsaka, jami'an hukumar leƙen asirin Koriya ta Kudu suka kama Kim a otal ɗin Grand Palace da ke birnin Tokyo, suka shaƙa masa maganin gusar da hankali, suka kai shi bakin teku a mota, suka sa shi a jirgin ruwa. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, an rufe masa ido, an ɗaure masa hannu da ƙafa, an ɗaura masa abubuwa masu nauyi, irin shirin da ake yi wa wanda za a jefa ruwa ba a son gawarsa ta taso. Jakadan Amurka a Seoul na lokacin, Philip Habib, ya matsa wa gwamnatin Park lamba, kuma ranar 13 ga wata aka ajiye Kim kusa da ƙofar gidansa a Seoul. Sai a 2007 wani kwamitin bincike na ita kanta hukumar leƙen asirin ya tabbatar da cewa jami'anta ne suka yi aikin. Abin lura ga mai bin wannan hanya shi ne abin da ya tserar da shi: mutanen waje sun san sunansa tun kafin ranar. Ka gina dangantaka da 'yan majalisu da 'yan jarida da malaman addini na wasu ƙasashe tun kana da 'yancin yawo, domin ranar da aka rufe ka su ne za su yi tambaya. Ya sake cin moriyar wannan a Fabrairun 1985, lokacin da ya koma gida daga hijira a Amurka tare da rakiyar wasu Amurkawa, ciki har da 'yan majalisa, shekara ɗaya da rabi bayan an harbe Benigno Aquino, jagoran adawar ƙasar Philippines, a filin jirgin saman Manila yana saukowa daga irin wannan dawowa.

Akwai kuskure ɗaya a wannan mataki da ya kamata ka guje wa. A 1987, bayan jama'a sun cika tituna sun tilasta wa sojoji amincewa da zaɓen kai tsaye, jagororin adawa biyu, Kim Dae-jung da Kim Young-sam, sun kasa janye wa juna. Ɗaya ya samu kashi 27, ɗayan kashi 28, sai tsohon janar Roh Tae-woo ya wuce ta tsakaninsu da abin da bai kai kashi 37 ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi kansa Kim ya nuna nadamar rashin janyewarsa daga baya.

Ka yanke shawara a kan ramuwa tun kana ƙasa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma lokacin yanke shi ba ranar da ka hau mulki ba ne. Wanda ya jira sai takobi ya zo hannunsa sannan ya fara tunanin ko zai rama, to magoya bayansa sun riga sun yanke masa. A watan Mayun 1980 Janar Chun Doo-hwan, wanda ya ƙwace ragamar mulki bayan Park, ya sa aka kama Kim, washegari mutanen birnin Gwangju suka tashi, sojoji suka murƙushe su cikin kwana 10, inda alƙaluman hukuma suka ce kusan mutum 200 suka mutu, mutanen garin kuma suna cewa adadin ya zarce haka. Aka ɗora wa Kim laifin kitsa tawaye alhali yana tsare, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a watan Satumba. A jawabinsa na ƙarshe a gaban kotun ya bar wasiyya ga abokan gwagwarmayarsa cewa idan dimokuraɗiyya ta dawo, kada a yi siyasar ramuwar gayya. Mutumin da ke jiran igiya ne ya faɗi wannan, shi ya sa da ya maimaita maganar shekara 17 bayan haka ba wanda ya iya cewa dabarar neman ƙuri'a ce.

Matsin lamba daga Amurka da Japan da Fafaroma John Paul na Biyu ya sa aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai a Janairun 1981, daga baya zuwa shekara 20. A kurkukun Cheongju an ba shi izinin rubuta wasiƙa ɗaya a wata a kan takarda guda, sai ya riƙa ƙanƙanta rubutunsa kamar ƙwayar gero domin ya cusa wa iyalinsa duk abin da yake karantawa da abin da yake tunani. Idan ɗauri ya same ka, ka mai da shi makaranta kamar yadda ya yi, domin shekarun da ka yi kana karanta tarihin abokin gabarka su ne jarinka ranar da za ka zauna da shi.

Yanzu ka duba jerin yadda afuwar ta zo, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A zamanin Shugaba Kim Young-sam an gurfanar da Chun da Roh a gaban kotu, a 1996 aka yanke wa Chun hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da shi ɗaurin rai da rai, aka bar Roh da shekara 17, kotun ƙoli ta tabbatar a Afrilun 1997. Sai bayan wannan, ranar 22 ga Disamba, 1997, kwana 4 da cin zaɓen Kim Dae-jung, aka yi musu afuwa da amincewarsa, kuma afuwar ba ta shafe kuɗin da kotu ta ce su mayar ba. Shari'a ta riga afuwa. An rubuta a kundin kotu cewa abin da suka yi tawaye ne da cin amanar ƙasa, sannan aka buɗe musu ƙofa. Su biyun sun halarci bikin rantsar da mutumin da suka so kashewa ranar 25 ga Fabrairu, 1998. Idan ka tsallake shari'ar ka tafi kai tsaye ga afuwa, abin da ka yi rufa-rufa ne, kuma ka gaya wa janar na gaba cewa juyin mulki ba shi da farashi.

Duk da haka ba zan ce matakin ya fita tsaf ba. Chun ya rayu har zuwa Nuwambar 2021 ba tare da ya roƙi mutanen Gwangju gafara ba, bai kuma gama biyan kuɗin da ake binsa ba, kuma iyalan waɗanda aka kashe suna da hujja idan suka ce Kim yana da ikon yafe ɗaurin da aka yi masa, amma jinin 'ya'yansu ba nasa ba ne. A ganina ya kamata a ce an sa neman gafara a bainar jama'a cikin sharuɗɗan sakin. Abin da ya rage nauyin wannan gibi shi ne hukumomin da ya kafa domin gaskiya ta ci gaba da fitowa ko ba shi: dokar binciken kisan da aka yi a tsibirin Jeju daga 1948, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2000, da hukumar binciken mace-macen da ake tuhumar hannun gwamnati a cikinsu, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a Nuwambar 2001. Tun ƙarshen Disambar 1997 kuma ba a sake zartar da hukuncin kisa a ƙasar ba.

Da tsohon ɗan mulkin mallaka: a rubuta, kai ma ka ba da wani abu

Idan ka zo kan maƙwabcin da ya taɓa zaluntar ƙasarka, ka nemi abu ɗaya tak da za a iya nunawa, wato amsa laifi a rubuce da sunan ƙasarka a ciki. Firaministan Japan Tomiichi Murayama ya nemi gafarar ƙasashen Asiya a dunƙule a 1995, amma abin da Kim ya samu ranar 8 ga Oktoba, 1998 a Tokyo ya bambanta: sanarwar haɗin gwiwa ce da shi da Firaminista Keizo Obuchi suka sa wa hannu, wadda a ciki Obuchi ya amince cewa mulkin mallakar Japan ya jawo wa mutanen Koriya babbar hasara da wahala, ya kuma bayyana nadama da neman gafara. Maganar baki takan bi iska, wani minista ya zo gobe ya warware ta, amma takarda tana nan ana jawo ta a nuna wa kowace gwamnati.

Abin da ya sa ya samu shi ne bai je hannu rabbana ba. A cikin wannan takarda ya yaba wa Japan a kan tafarkin dimokuraɗiyya da zaman lafiya da ta bi bayan 1945, ya kuma nuna cewa ƙasarsa ta karɓi neman gafarar, za a fuskanci gaba. A gaban majalisar dokokin Japan ya tunatar da su cewa hulɗar ƙasashen biyu ta kai shekara 1,500, kuma wauta ce a bar abin da bai kai shekara 50 ba ya shafe ta. Da ya koma gida ya fara ɗage haramcin da aka daɗe da sa wa finafinai da littattafan zane da waƙoƙin Japan, kashi-kashi, duk da tsoron da masu sana'ar fim na Koriya suka nuna cewa za a kashe musu kasuwa. Wata guda bayan haka Shugaban China Jiang Zemin ya je Tokyo yana neman irin wannan rubutaccen neman gafara, bai kuwa samu ba, kuma masu sharhi da dama sun danganta haka da cewa bai nuna alamar zai rufe maganar idan an ba shi ba. Ka lura kuma Kim bai mai da sace shi da aka yi a Tokyo sharaɗin tattaunawa ba, ko da yake gwamnatocin biyu sun binne maganar a shekarun 1970 ba tare da an hukunta kowa ba. Ƙorafinka na kanka ka bar shi a gida idan za ka zauna a madadin ƙasa.

Kada ka ɗauka takarda ta kashe magana. A 2001 rikici ya tashi a kan wani littafin tarihi na makarantun Japan, Seoul ta kira jakadanta gida na ɗan lokaci, ta kuma dakatar da buɗe kasuwar al'adu, sannan Firaminista Junichiro Koizumi ya ziyarci wurin ibadar Yasukuni inda ake girmama matattun yaƙi har da waɗanda aka samu da manyan laifuffuka. Amma a 2002 ƙasashen biyu sun ɗauki baƙuncin gasar cin kofin duniya tare kamar yadda aka tsara.

Da ɗan'uwan da ya zama abokin gaba

Koriya ta Arewa lamarinta dabam ne, domin a nan ba wanda zai nemi gafarar wani, kowane ɓangare yana ganin shi ne halattacciyar ƙasa. Kim ya san mutanen da zai yi hulɗa da su, tunda a 1950 sojojin Arewa sun tsare shi a Mokpo, da kyar ya tsira daga harbi. Abin da za ka fara yi a irin wannan hali shi ne ka faɗi iyakarka a fili domin abokin gaba da jama'arka su ji a lokaci guda. Ranar da aka rantsar da shi ya shimfiɗa ƙa'idoji uku: ba za a lamunci tsokanar soja ba, Kudu ba ta da niyyar haɗiye Arewa, za a kuma nemi sulhu da haɗin kai da gaske. Ta biyun ita ce mabuɗi, saboda shugabannin Pyongyang, babban birnin Arewa, sun ga yadda Jamus ta Yamma ta haɗiye ta Gabas a 1990, kuma wanda ke tsoron za a cinye shi ba ya buɗe ƙofa. An sa wa manufar sunan hasken rana, daga tsohuwar tatsuniyar nan ta iska da rana, inda iska ta yi ta kaɗawa matafiyi yana ƙara ƙanƙame mayafinsa, rana kuwa da ta ɗan buɗe ya cire da kansa.

Daga nan ka bar 'yan kasuwa da talakawa su riga 'yan siyasa tsallakawa, domin zumunta a ƙafa take. Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, haifaffen wani ƙauye ne da ya faɗa ɓangaren Arewa, kuma yana saurayi ya ɗauke kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar ya gudu Seoul neman arziki. Ranar 16 ga Yuni, 1998, yana da shekara 82, ya jera manyan motoci ɗauke da shanu 500 ya ratsa ta Panmunjom, wurin da sojojin ɓangarorin biyu ke tsaye suna hararar juna, a watan Oktoba ya ƙaro 501. Saniya ɗaya biyan bashin mahaifinsa ce, dubun kuma riba. Gwamnati ba ta aike shi ba, ta dai buɗe masa hanya, kuma a watan Nuwamba jirgin ruwa na farko ya ɗauki masu yawon buɗe ido daga Kudu zuwa dutsen Kumgang.

Za a gwada ka, kuma gwajin yakan zo ne daidai lokacin da abu ya fara kyau. Kwana 6 bayan shanun farko, wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Arewa ya maƙale a komar masunta a gaɓar Sokcho. A ƙarshen Agusta Arewa ta harba makami mai linzami ya ƙetare saman Japan. A watan Yunin 1999 jiragen yaƙin ɓangarorin biyu suka yi artabu a tekun yamma, sojojin Kudu suka nutsar da jirgin Arewa. Kim ya bar sojojinsa sun mai da martani kamar yadda ƙa'idarsa ta farko ta ce, bai kuma rushe manufar ba. Riƙe waɗannan biyu tare shi ne gwanintar, domin wanda ya ƙi mai da martani jama'arsa za su ce ya sayar da su, wanda kuma ya fasa tattaunawa a kan kowace harbi ya miƙa linzamin manufarsa ga duk wani hafsan da ke son a fasa.

Ranar 13 ga Yuni, 2000 ya sauka a Pyongyang, shugaban Arewa Kim Jong-il ya fito da kansa ya tarye shi a filin jirgi, karo na farko ke nan da shugabannin ɓangarorin biyu suka haɗu. Daga sanarwar da suka fitar ranar 15 ga wata, abin da ya fi taɓa mutane shi ne haɗa iyalan da yaƙi ya raba. A tsakiyar Agusta mutum 100 daga kowane ɓangare suka tsallaka, tsofaffi masu furfura suna rungumar iyaye da ƙanne da matan da suka rabu da su tun 1950, aka ba su kwana 4 sannan aka mai da kowa inda ya fito. Ka sa irin wannan a sahun gaba na bukatunka, saboda shi ne ke da wa'adi: fiye da mutum 130,000 suka yi rajista a Kudu suna neman ganin danginsu, akasarinsu sun rasu layi bai zo kansu ba. A watan Satumba 'yan wasan ɓangarorin biyu suka shiga filin gasar Olamfik ta Sydney a ƙarƙashin tuta ɗaya, a ƙarshen shekarar kuma aka ba Kim lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Ka tafi da manyan ƙawayenka, ka kuma tuna cewa su ma suna canja shugabanni. Gwamnatin Bill Clinton ta mara masa baya har sakatariyar harkokin wajenta Madeleine Albright ta je Pyongyang a Oktobar 2000, amma da George W. Bush ya hau ya juya akala, a Janairun 2002 ya lissafa Arewa cikin ƙasashen da ya kira ƙawancen shaiɗanu. Abin da ka gina a kan goyon bayan mutum ɗaya a wata fada yana iya tsayawa cik da zaɓe ɗaya.

Kada ka ɓoye wa jama'a abin da ka biya

A nan ne Kim ya yi babban tuntuɓensa. Bayan ya sauka, binciken wani mai gabatar da ƙara na musamman a 2003 ya gano cewa gab da taron Pyongyang an tura wa Arewa kuɗi da kaya na kimanin dala miliyan 500 ta hannun Hyundai, kuma dala miliyan 100 daga ciki alkawarin gwamnati ne, an bi ta bayan fage ba da sanin majalisa ba. Shi kansa ya fito a Fabrairun 2003, kwanaki kafin ƙarshen wa'adinsa, ya ba jama'a haƙuri. An ɗaure na hannun damansa Park Jie-won, shi kuma Chung Mong-hun, ɗan Chung Ju-yung, ya hallaka kansa a watan Agusta ana cikin shari'ar. Ana iya kawo hujjar cewa da an kai maganar majalisa da taron bai yiwu ba, kuma wataƙila haka ne. Amma mutumin da ya yi shekara 40 yana cewa mulki na jama'a ne ba shi da hurumin sayen sulhu da kuɗinsu a ɓoye, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Arewa ta gwada makamin nukiliya a Oktobar 2006, abokan hamayyarsa ba su sha wahalar haɗa lissafin ba, ko da kuwa ba wanda ya tabbatar inda kuɗin suka shiga.

Akwai ƙananan kurakurai da suka taru suka ƙara wa wannan nauyi. An sanar da taron ne ranar 10 ga Afrilu, 2000, kwana 3 kafin zaɓen majalisa, abin da ya sa 'yan adawa suka ɗauke shi a matsayin kayan yaƙin neman zaɓe. A watan Satumba ya mayar wa Arewa tsofaffin fursunoninta 63 ba tare da ya karɓo fursunonin yaƙi da masuntan Kudu da ke can ba. A 2002 kuma aka ɗaure 'ya'yansa biyu a kan karɓar rashawa. Ka jawo jam'iyyar hamayya cikin aikin tun daga farko ko da za ta rage maka gudu, ka kuma sa ido a kan 'yan gidanka fiye da yadda kake sa wa abokan gaba, domin manufar da ta zama ta jam'iyya ɗaya takan faɗi ranar da jam'iyyar ta faɗi. An dakatar da ziyarar Kumgang a 2008 bayan wani sojan Arewa ya harbe wata mata mai yawon buɗe ido, an rufe masana'antun haɗin gwiwa na Kaesong a Fabrairun 2016, haɗuwar iyalai ta ƙarshe kuma an yi ta ne a Agustan 2018.

Idan wa'adinka ya cika ka sauka, ka ci gaba da aikin a matsayin ɗan ƙasa, ka kuma bi haƙƙinka ta kotu kamar kowa. Kim ya miƙa mulki ga Roh Moo-hyun a Fabrairun 2003, ya nemi a sake duba shari'ar 1980, kuma a 2004 kotu ta wanke shi daga laifin tawayen da aka yanke masa kisa a kansa. A Agustan 2009, yana kwance a asibiti a Seoul, Chun Doo-hwan ya zo dubiya ya gaisa da matarsa Lee Hee-ho. Kim ya rasu ranar 18 ga wata. Pyongyang, wadda a lokacin ba ta ga-maciji da gwamnatin Shugaba Lee Myung-bak, ta aiko da tawagar ta'aziyya ƙarƙashin Kim Ki-nam, suka ajiye furanni a gaban hotonsa, suka tsawaita zamansu da kwana ɗaya, kuma da safiyar ranar jana'iza, 23 ga Agusta, suka shiga fadar shugaban ƙasa suka isar wa Lee saƙon Kim Jong-il.